Yadda ake zaɓen takalmin shiga jirgin roba a kogi mai duwatsu

Ranar da na fara shiga jirgin roba a kogin Nil, can ƙasa da garin Jinja a Yuganda, silifas ne a ƙafata. Sabo fil, ruwan toka, ko kwana uku bai yi ba. A magangara ta biyu jirgin ya kife, ruwa ya juya ni kamar ana wanke tsumma, da na ɗago kai ina haki sai na hango wari ɗaya yana tafiya abinsa can gaba, ya nufi Masar. Ɗayan kuwa ko sama ko ƙasa. Ban damu ba sai da muka iso inda ake fita a zagaye ruwa da ƙafa, na taka dutsen da rana ta gasa tun safe, ga tsakuwa, ga ƙaya. Wata Baturiya sa'ar mahaifiyata ta wuce ni tana tafiya hankali kwance cikin tsohon kambas ɗinta mai huji a gefe.

Tun daga nan na shiga kogin nan sau da dama a shekarun da na yi ina karatu a Kampala, na je Sagana a Kenya, na kuma sauka ramin kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, sau biyu. Duk wanda na raka karon farko, tambayarsa ɗaya ce: in na faɗa ruwa fa? Ba ya tambayar abin da zai sa a ƙafa, alhali rigar ceto da hular kwano da filafili duk masu jirgi ne za su ba shi, takalmi kaɗai ne aka bar masa ya zo da nasa. Abubuwa uku ake nema a wurin takalmin nan: ya zauna a ƙafa ko ruwa ya fizge ka, ya kama jiƙaƙƙen dutse, ya kuma tsare yatsu. Sunan kamfani da tsada suna bayan waɗannan.

Abin da za ka tanada

Takalmin da kake so ka gwada, ko biyu ko uku in kana da su a gida. Bokiti babba cike da ruwa. Wuri mai santsi, kamar tayil ɗin banɗaki ko simintin bakin rijiya da ya yi gansakuka. Tafin hannu biyu na yashi. Safa ta roba ko ta ulu, ban da ta auduga. Abin yanke farce. Filasta mai jure ruwa da ɗan man basilin. Ƙusa mai inci uku da filaya, saboda huda kambas. Takalmi na biyu busasshe da ƙaramin tawul da leda, na bayan an fito. Sai mai gyaran takalmi na unguwarku, shi ma sa shi a lissafi, don akwai aikin da basillarsa ce kawai za ta yi.

Ka kuma tanadi lokaci. Mako biyu kafin tafiya ya isa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Fara sanin kogin da za ka shiga

Kafin ka je kasuwa, aika wa masu jirgin tambayoyi huɗu: ruwan ɗumi ne ko sanyi, mai zurfi ne ko mai duwatsu a sama-sama, akwai inda ake sauka a yi tafiyar ƙafa, kuma yaya hanyar sauka zuwa bakin ruwa take. Amsoshin nan su ne za su zaɓa maka takalmi.

Ana auna haɗarin magangara daga daraja ta 1 zuwa ta 6. Ta 1 ruwa ne mai ɗan motsi, ta 5 ita ce iyakar abin da ake kai baƙo, ta 6 kuwa ba a shiga da fasinja, fita ake yi a zagaye. Wannan zagayen shi ne inda takalmi ke nuna kansa. A Nil ana yin haka a Itanda, inda saman magangarar ya fi ƙarfin jirgin haya. Sai dai hanyar da ake bi a Jinja ta sha canzawa: madatsar Bujagali da aka gama a 2012 ta haɗiye magangarun da ake farawa da su a da, ta Isimba kuma a 2019 ta shanye wasu na can ƙasa. Don haka kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara goma da suka wuce, ni ma ciki.

Ruwan Nil a nan ɗumi gare shi, mai yawa ne kuma mai zurfi, shi ya sa wasu masu jirgi za su ce ka bar takalmi a mota ka shiga da ƙafa. In dokarsu ce, ka bi. In zaɓi suka ba ka, ni dai ina shiga da nawa. Zambezi wani abu ne dabam. Jirgi yana can ƙasan ramin Batoka, bayan faɗuwar ruwan Biktoriya, sai ka gangara fiye da mita 100 a kan baƙin dutse, in an gama kuma ka hau da ƙafarka bayan ka yini kana tuƙi. A can takalmin tafiya kake bukata wanda zai iya shiga ruwa. Kogin Tana a Sagana ƙarami ne a kan waɗannan, duwatsunsa na kusa, ƙafa na yawan bugawa. Wanda kuma zai shiga kogin Ganjis a Rishikesh ta Indiya, ko wani kogin Turai, ruwan da ya gangaro daga dusar ƙanƙara zai tarar, kuma ruwa yana zuƙe zafin jiki da sauri ninki wajen 25 a kan iska. Shi maganar sanyi ce a gabansa kafin komai.

2. Ware waɗanda ba za su je ba

Silifas da duk wani takalmin da ba shi da maɗauri a diddige, ajiye shi a gida. Haka fade da sauran takalman fata: fata in ta sha ruwa saki take yi, ta yi santsi a ciki, in ta bushe kuma ta ƙandare ta fara cizo. Ka yi asarar takalmin Juma'a a banza.

Takalmin kumfa mai huji-huji irin na Crocs yana ruɗin mutane, don ba ya jin ruwa kuma ga maɗauri a baya. Matsalarsa yana da faɗi, kuma yana iyo fiye da kai. Da ka shiga ruwa shi sama yake so, maɗaurin nan kuma ba ya matsewa. Na ga irinsa da yawa suna yawo a gefen kogi, ɗaiɗai.

Dogon takalmin roba na masu aikin fadama, wannan haɗari ne sosai. Bakinsa a buɗe yake, ruwa mai gudu ya cika shi ya ja ka kamar guga, ba ka iya harba ƙafa, ba ka iya hawa jirgi da shi. Babban but na hawan dutse ko na sojoji shi ma nauyi ne, kuma ba ya bushewa. Duk wani mai ƙarfe ko ƙusoshi a tafi, kamar na ƙwallo, masu jirgi ma ba za su bar ka ka taka musu roba da shi ba.

3. Zaɓi ɗaya cikin uku

Na farko sandal ɗin kogi, mai igiyoyin yadi masu kauri da maɗauri a diddige. Asalinsa ma daga wannan sana'a ya fito. A 1984 wani matuƙin jirgin roba a kogin Kolorado na Amurka, Mark Thatcher, ya gaji da ruwa na ɗauke masa silifas, sai ya ɗaura masa maɗaurin agogo a baya, daga nan aka sami sandal ɗin kamfanin Teva. Chaco ma wani matuƙin ne ya fara ɗinka shi a 1989. Sandal yana zubar da ruwa nan take, yana bushewa da wuri, kuma ga sauƙin alwala in azahar ta same ku a bakin kogi. Aibinsa yatsu a waje suke. Akwai irin da aka rufe wa gaba da roba, kamar na Keen, shi ya fi mini a wurin mai farawa, ko da yake tsakuwa in ta shiga ba ta fita sai ka cire.

Na biyu kambas, ko dai wanda aka ƙera don ruwa, mai raga da hujin zubar ruwa, ko tsohon naka na motsa jiki. Da za a ce in zaɓar wa baƙo abu ɗaya ba tare da na san kogin ba, wannan zan ba shi. Igiya ba ta kwancewa in an ɗaure ta daidai, yatsu a rufe, diddige a rufe, kuma in ka cusa ƙafa ƙarƙashin bututun iska na jirgi ba ya goge maka fata. Yashi ne kawai ke taruwa a ciki, sai haƙuri.

Na uku takalmin roba mai laushi irin na masu nutso, wanda ake kira niyofirin. Na ruwan sanyi ne. Yana barin ruwa kaɗan ya shiga, jikinka ya ɗumama shi, ya zauna. Mai kaurin milimita 3 ya isa ruwa mai ɗan sanyi, mai 5 na ruwan ƙanƙara ne. Galibi masu jirgi a ƙasashen sanyi suna bayar da aronsa, tambaya kawai za ka yi. Kada ka kai shi Jinja, ƙafarka za ta dahu. Ka kuma lura da tafinsa, don akwai mai siririn tafi kamar safa wanda kowane tsinin dutse sai ka ji shi har ƙwaƙwalwa. Irin wannan ne ake sayarwa da araha a bakin teku da sunan takalmin ruwa. Na tafiya a kan yashi ne, ba na kogi ba.

4. Juya takalmin, dubi tafinsa

A nan mutane suka fi faɗuwa, a kasuwa da kuma a kan dutse. Ido yana zuwa kan manyan haƙora, mutum ya ce wannan zai kama ƙasa. Manyan haƙora na laka ne da turɓaya. Jiƙaƙƙen dutse mai sulɓi roba mai laushi yake so, mai faɗin da zai kwanta a kansa.

Danna farcen babban yatsanka a tafin. In ya ɗan nutse ya dawo, roba ce ta gaske. In ya yi tauri kamar bokiti, filastik ne, zai zame. In kuma ya lotse kamar soso ya yi sauƙi a hannu, kumfa ce, ita ma santsi take yi a ruwa kuma dutse na cinye ta. Sannan ka goga tafin a kan gilashin kanti ko tayil: roba mai kyau turjewa take yi tana ƙara.

Lanƙwasa takalmin ka duba ko akwai siraran tsage-tsage da ke buɗewa kamar an yanka da reza. Waɗannan su ke matse ruwan da ke tsakanin tafi da dutse. Wani Ba'amurke mai tuƙa jirgin ruwa, Paul Sperry, shi ya fito da su a takalmi a 1935, bayan ya ga karensa na gudu a kan ƙanƙara ba ya zamewa, ya duba tafinsa ya ga tsage-tsage. In takalminka na da su, madalla. In babu, kada ka ɗauki reza ka ce za ka yi da kanka, na gwada na ɓata tafi ɗaya a banza.

Kaurin tafi kuma matsakaici ake so: ya hana tsinin dutse, amma ya lanƙwasu a gindin yatsu in ka matsa da hannu. Wanda ya ƙi lanƙwasuwa ba za ka ji abin da kake takawa ba.

Gargaɗi ga mai sayen gwanjo, ko a Ƙofar Wambai ta Kano ko a Owino ta Kampala: takalmi yakan yi kyau a ido alhali ya shekara biyar a dila. Robarsa ta bushe tana ƙyalli, gam ɗinsa ya mutu. Ja tafin daga gaba da ƙarfi, in ya ɗan buɗe baki ka san sai an ɗinke. In robar ce ta ƙandare, bar musu kayansu.

Ka kuma sani, dutsen da ya yi gansakuka kore shar ba takalmin da ke kama shi. Nan hannu ake sawa a ƙasa a rarrafa, ba kunya.

5. Duba maɗauri

In sandal ne, dole ya riƙe wuri uku: gaban ƙafa, wuyan ƙafa da diddige, kuma kowanne a iya matse shi. Maɗaurin nan mai mannewa da ake ɓarewa ya yi ƙara, yana da kyau yana sabo. Da ya tsufa, ya cika da yashi da zare, sai ya riƙa buɗewa da kansa a ruwa. Sandal ɗina na biyu haka ya tafi, wari ɗaya, a Sagana. Wanda ake zura igiya cikin bakul a ja ya fi aminci. In mai mannewa kake da shi, wanke shi da tsohon buroshin haƙori, sannan ranar tafiya ka naɗe kansa da salatif mai ƙarfi zagaye biyu.

Duba inda igiyar ta shiga tafin. Wadda ta ratsa ta ƙarƙashi ta fito ɗaya gefen ta fi wadda aka liƙa da gam a baki.

In kambas ne, igiya mai faɗi ta fi mai mulmule zama a ƙulli. Yi amfani da hujin nan na ƙarshe na sama wanda kowa ke tsallakewa, shi ke kulle diddige.

6. Auna shi da yamma

Ƙafa tana ɗan kumbura da yini, don haka je kasuwa bayan la'asar. Sa safar da za ka shiga ruwa da ita, in za ka sa. Tsaya tsaye. Tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmi a sami kamar faɗin ɗan yatsa ɗaya, wato wajen santimita 1. Ƙasa da haka farce zai sha bugu a gangara, fiye da haka ruwa ya sami wurin kamawa. A sandal kada yatsa ya leƙo gaban tafi ko kaɗan. Diddige kuma kada ya ɗaga in kana tafiya.

Mu mun saba sayen takalmi da ɗan sarari don a ji daɗin cirewa a ƙofar masallaci da zaure. Wannan ɗabi'ar a ajiye ta a nan. Takalmin da za ka iya tuɓewa da ɗaya ƙafar ba tare da ka sunkuya ba, kogi ma zai iya.

Mai zuwa ruwan sanyi da zai sa safar niyofirin a cikin kambas, ya ƙara lamba ɗaya. Takalmin da ya matse yana hana jini gudu, ƙafa ta fi saurin sandarewa. 'Yar'uwa da ke son rufe ƙafa, ke ma safa siririya ta roba cikin kambas ta wadatar, sai dai ki tabbata ƙafar wandon a tsuke take a idon sawu, kada yadi ya riƙa yawo.

7. Gwada shi a gida kafin kogi ya gwada

Wannan matakin kada ka tsallake shi, ko nawa ka sayi takalmin.

Ɗaure shi yadda za ka ɗaure ranar. Tsoma ƙafa cikin bokiti minti biyar, har komai ya jiƙe. Igiyoyi sukan saki in sun sha ruwa, sai ka sake matsewa ka lura da inda suka tsaya. Fito da ƙafar ka yi harbi da ƙarfi sau goma kamar kana korar kare. Sannan ka zauna, ka sa wani ya kama diddigen takalmin ya ja da iya ƙarfinsa. Ƙanena yakan yi mini wannan da murna. In ya fita a hannunsa, ko ka gyara maɗauri ko ka canza takalmi.

Daga nan watsa ruwa a tayil ko siminti, ka dafa bango, ka taka ka murza ƙafa. Kula da abu biyu: ko tafin na zamewa a ƙasa, da ko ƙafarka na zamewa a cikin takalmin. Na biyun ya fi yawa a sandal mai sulɓin ciki, kuma shi ke sa targaɗe.

Ɗaga ƙafa ka ƙirga. In ka kai goma ruwa na nan cike a ciki yana ɓulɓul, sai an huda.

Na ƙarshe, zuba ɗan yashi a ciki ka yi tafiyar rabin awa da shi a jiƙe, ko mutanen unguwa za su yi maka kallon wanda ya zare. Da ka dawo duba ƙafar. Duk inda ya yi ja ko yake zafi, nan bororo zai fito ranar tafiya: galibi bayan diddige, gefen ƙaramin yatsa, da ƙarƙashin bakul. Riƙe wuraren a ka. Maimaita tafiyar sau uku ko huɗu cikin makon, takalmin ya saba da kai.

8. In babu na kanti, ga yadda ake gyara na gida

Tsohon kambas: zare shimfiɗar cikinsa in mai shan ruwa ce kamar soso. Kama ƙusa da filaya, gasa ta a wuta ta yi ja, ka huda uku ko huɗu a gefen ciki, daidai kwarin ƙafa, dab da inda yadi ya haɗu da tafi. Zafin yana ƙone bakin hujin ya hana shi warwarewa. Kada ka huda ta ƙasa, ƙaya da tsakuwa za su bi ta nan. Sannan ka kai wa mai gyara ya ɗinke tafin zagaye da zaren roba. Gaya masa ruwa za a shiga da shi, kada ya shafa gam ya ce ya gama.

Sandal na yadi ko na roba da ba shi da maɗaurin baya: mai gyaran zai iya yanko igiyar tsohuwar jakar goyo ya ɗinka masa, da bakul ɗinta. Ka zauna a wurin ya auna a ƙafarka.

Takalmin roba rufaffe irin na makiyaya, wanda ake zubawa a faifai ranar kasuwa, ya fi silifas nesa ba kusa ba. Ba ya shan ruwa, yatsu a rufe. Amma sai mai igiya ko bakul, a sa shi da safa don yana cizo, kuma sai ya ci gwajin tayil, don wasunsu filastik ne zalla.

Abu ɗaya da ba a yi ko an rasa komai: ɗaure takalmi da doguwar igiya a ƙafa ko a jikin jirgi wai kada ya ɓata. Duk igiyar da ke reto a ruwa mai gudu tarko ce, tana iya maƙalewa a reshe ko dutse ta riƙe ka a ƙasa. Gara takalmin ya tafi.

9. Ranar shiga ruwa

Farce tun kwana biyu kafin nan za ka yanke shi, a miƙe, ba can ciki ba. Dogon farcen babban yatsa in ya bugi dutse ɗagewa yake yi gaba ɗaya. Nawa na hagu wata shida ya yi kafin ya dawo.

Da safe, ƙafa na bushe, liƙa filasta a wuraren nan da ka riƙe. In ka bari ta jiƙe ba zai kama ba. Shafa basilin kaɗan tsakanin yatsu da bayan diddige, ban da tafin ƙafa, don zai sa ka zamewa a ciki. Mai sandal ya shafa man kare rana a bayan ƙafa. Jinja dab take da layin da ya raba duniya kudu da arewa, ranarta ba ruwanta da baƙar fata, na ga ƙafar Bakano tana saɓa kamar maciji bayan kwana uku.

Ƙulla igiya sau biyu, cusa bakinta da kunnuwanta ƙarƙashin sauran igiyar. Da an shiga ruwa an yi minti goma, sake matsewa.

A cikin jirgi za a nuna maka inda za ka cusa ƙafa, ko wani aljihu a ƙasa ko ƙarƙashin bututun da ya gitta. Cusa gaban ƙafa kawai, yadda in jirgi ya kife za ta zare da kanta. Kada ka tura har idon sawu.

In ka faɗa ruwa, ga abin da takalmi mai kyau yakan ja wa mutum: ya ji ƙafarsa a tsare, sai ya ce bari ya miƙe tsaye. Kada ka kuskura. Ƙafa tana shiga tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya danna ka ta baya ya kifa ka, kuma ko ruwan iya ƙugu ne ba ka iya ɗagowa. Kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, kan takalmi a sama kana ganinsa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. In dutse ya taso, tafin takalmin ne zai tare shi ka tura kanka gefe. Ba a tsayawa sai ruwa ya lafa kuma bai kai gwiwa ba. In matuƙi ya ba da umarnin da ya saɓa wa wannan a wata magangara, nasa za ka bi, shi ya san ruwansa. In kuma takalmi ya fita, kada ka bi shi. Masu ƙananan kwale-kwalen ceto sukan tsinto abin da ya yi iyo.

Wurin zagaye da ƙafa, gajerun taku, tafi gaba ɗaya a kan dutse, busasshe kafin jiƙaƙƙe, hannu ɗaya a sake.

10. Bayan an fito

Tuɓe jiƙaƙƙen nan take, wanke ƙafa da ruwa mai tsabta da sabulu, goge tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ka sa busasshen. Wanda ya zauna awa biyu a mota zuwa Kampala da jiƙaƙƙen kambas, cin ruwa na jiransa. Duk wani ƙwarzane ka wanke ka sa magani, ciwon da aka samu a kogi yana saurin ruruwa.

Takalmin kuma ɗauraye shi, zazzage yashi, goge maɗauri, cusa masa tsohuwar jarida, ka shanya a inuwa inda iska ke bi. Rana mai zafi da bayan gilashin mota suna narkar da gam, suna kuma tsuke kumfa har takalmi ya rage lamba. Kada ka ƙulle shi a leda ya kwana, warin ba ya fita.

Takalmi ba ya hana tsargiya. Ƙwayar tana ratsa lafiyayyar fata ne a ruwa, kuma akwai ta a tafkin Biktoriya, inda Nil ke fitowa a Jinja, da kewayensa, musamman inda ruwa ke kwance da ciyayi a gefe. Ba ta nuna kanta a ranar, sai bayan makonni. Ko ba ka ji komai ba, bayan wata biyu ka je asibiti, ka gaya wa likita kogin da ka shiga da ranar da ka shiga, ya duba ka.